Babi na 25 da gadar Ngeli

Abakar (Ankara): Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ku gafarce ni da dogon rubutu da sassafe, wata magana ce ta hana ni barci. Jiya malamin da ke duba aikina na digirin dakta ya tara mu a ofishinsa, ya zuba mana shayi a 'yan kofunan nan nasu masu siririn ƙugu, ya ce sashenmu ya ci gasar kuɗin bincike na Tarayyar Turai, shirin da ake kira Horizon Europe. Aiki ne a kan alkama mai jure fari, kuma su za su ja ragama, wata jami'a a Italiya da wata a Sabiya suna biye. Na ce masa, Malam, ai Turkiyya ba ta cikin Tarayyar Turai. Ya yi dariya ya ce, ba su ba mu ɗaki ba, amma mun fi shekara ashirin muna cin tuwon gidan. To ta yaya wanda ba a karɓa ba yake jan ragama da kuɗin masu gida? Mu kuma, Kamaru da Cadi, me ya hana mu?

Alhaji Bappa (Garwa): Wa alaikumus salam. Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Bature bai taɓa ba da kuɗi don Allah ba.

Malam Sanda (Marwa): Alhaji, Allah ya ja kwana, bari yaron ya sami amsa tukuna kafin mu kai zomon kasuwa.

Abakar, ga yadda abin yake. Duk ƙasar da ke neman shiga Tarayyar Turai, ana zama da ita a bi dokokin tarayyar babi babi, babi 35. Akwai na shari'a, na noma, na kwastan, na muhalli, har na kamun kifi. Na 25 shi ne kimiyya da bincike. Shi ne mafi sauƙi a cikinsu, don babu wasu dokoki masu yawa da za a ce sai ƙasa ta canja, ba a taɓa kotunanta, ba a taɓa kasuwarta. Shi ya sa a da da shi aka riƙa buɗe fage. Turkiyyar da kake zaune ta zama 'yar takara a 1999, aka fara tattaunawa da ita a Oktoban 2005, a watan Yunin 2006 aka buɗe babi na 25 aka rufe shi rana guda. Har yau shi kaɗai ne aka rufe mata cikin 35 ɗin, tattaunawar ma ta tsaya cik tun 2018. Montenegiro da shi ta fara a Disamban 2012. Sabiya ta rufe nata a Disamban 2016. Kuroshiya ma da shi ta fara a 2006, ita kam Allah ya yi ta shiga a 2013.

Amma tuwon da malaminka yake faɗa ba babin ne ke ba da shi ba. Wata yarjejeniya ce daban. Ƙasa takan sa hannu ta shiga shirin binciken, ta riƙa zubi kowace shekara gwargwadon arzikinta, daga nan masananta su yi gasa kafaɗa da kafaɗa da Bajamushe da Bafaranshe. Moldoba ta shiga tun 2012, shekara goma kafin a ba ta matsayin 'yar takara a Yunin 2022. Kuma Moldobar nan, mutanenta ba su kai na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ba.

Hajiya Mairo (Garwa): Wato adashi ne.

Malam Sanda (Marwa): Adashi ne Hajiya, sai dai ba a kwasa bi da bi. Kowa ya zuba, sannan a yi gasa, wanda takardarsa ta fi shi ya ɗauka. Tukunyar ta shekara bakwai ce, 2021 zuwa 2027, yuro biliyan 95.5. Ke ce mai lissafi, buga mana shi a sefa.

Hajiya Mairo (Garwa): Yuro ɗaya 655.957. Ya haura sefa biliyan 62,000. Na buga sau biyu don na ɗauka na ƙara sifili.

Usmanu (Kuseri): Tabɗi.

Alhaji Bappa (Garwa): To ka ji. Adashin da talaka zai zuba, mai kuɗi ya kwashe. In aka ce gasa, wa zai ci, ɗan Moldoba ko ɗan Jamus?

Malam Sanda (Marwa): Wallahi Alhaji nan ka taɓo inda ke ciwo, kuma su kansu sun sani. Shekara da shekaru ƙasashen gabashin Turai, har da waɗanda suka riga suka shiga, suna kukan cewa suna zubi amma kuɗin yana komawa yamma. Shi ya sa aka ware wani kaso na masu rauni kaɗai. A ciki akwai wanda suke kira Twinning, wato tagwaye: ƙaramar cibiya a Albaniya ko Bosniya ta nemo manyan cibiyoyi aƙalla biyu daga waje, ita ce shugabar aikin, su kuma su horar da ma'aikatanta kamar shekara uku, har da koya musu rubuta takardar neman kuɗi da riƙe lissafi. Sannan 'yan takara suna da wani asusun share fage da ake kira IPA, wanda akan ɗebi wani abu daga ciki a rage musu nauyin zubi. Yukren kuwa da yaƙi ya ɓarke a 2022 yafe mata zubin aka yi, daga baya aka buɗe ofishin shirin a Kiyef.

Usmanu (Kuseri): Duk wannan labarin Turawa ne Malam. Mu ba za mu taɓa shiga tarayyarsu ba ko da za mu shekara dubu. Me ya haɗa kifi da kaska?

Dakta Hadiza (Njamena): Barkanku da hantsi. Yanzu na fito daga ɗakin gwaji na tarar da zaure ya cika. Usmanu ƙanena, ya haɗa su. Kamaru da Cadi suna cikin jerin ƙasashen da aka yarda a ba su kuɗin shirin nan ba tare da sun yi zubi ba. Ni da kaina na yi aiki a ƙarƙashin wanda ya gabace shi, Horizon 2020. Abin da ya raba mu da Moldoba shi ne matsayi. Ƙa'idar yawancin gasar ita ce a haɗa cibiyoyi uku daga ƙasashe uku, ɗaya dole daga cikin tarayyar, sauran biyun daga tarayyar ko daga ƙasashen da suka yi zubi. Sabiya tana cikin ƙirgen. Jojiya tana ciki. Mu ba a ƙirga mu. Sai ukun sun cika, sannan a waiwayo a ce, af, wa muka sani a Cadi? Lokacin da takarda za ta iso gare ki an riga an gama yanke tambayar da za a bincika, an raba kuɗi, saura kwana goma a rufe gasa. Ki sa hannu ko ki bari.

Wanda ya fi ci mini rai ma shi ne na ERC, kuɗin da ake ba mutum ɗaya ya kafa tawagarsa. Matashin masani yana iya samun har yuro miliyan 1.5 na shekara biyar, kusan sefa biliyan ɗaya ke nan. Ba ruwansu da fasfonka, ɗan Cadi ma yana iya nema. Amma cibiyar da zai zauna sai ta kasance a tarayyar ko a ƙasar da ta yi zubi. Ɗan Moldoba zai ci kuɗin yana gidan ubansa. Ɗan Mundu ta Cadi sai ya tattara kayansa ya tafi.

Abakar (Ankara): Yaya Hadiza, wannan shi ne amsar da nake nema. Na gode.

Dakta Hadiza (Njamena): Kada ka gode tukuna, ka dawo gida in ka gama shi ne godiyar.

Abakar (Ankara): Hhh in sha Allah. Amma kin san ko su abin bai hana su tafiya ba. Akwai wani ɗan Sabiya da ya zo mana wata uku, muna cin abinci tare. Ya ce haɗin gwiwar ce ma ta nuna wa abokansa hanya: a tura ka Jamus wata shida ka koyo aiki da wata na'ura, can su ga kana da hannu, su ba ka albashin da jami'arku ba za ta iya ba, shi ke nan. Ya ce na'urar tana nan a Belgired an lulluɓe ta da leda, wanda ya iya ta yana Munik.

Alhaji Bappa (Garwa): Alhamdu lillahi, ga shaida daga bakin mai ita. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hajiya Mairo (Garwa): Alhaji kai dai a ce ka yi gaskiya. Bari in ba ku nawa, don ni ba masaniya ba ce, mai riƙe takardu ce, kuma a takardu ake mutuwa.

Shekarun baya wata cibiya da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba, ta shiga irin wannan haɗakar. Aikin a kan masakwa ne, wadda Fulani ke kira muskuwari, ku kuma na Cadi berbere. Duk wanda ya taɓa ganin karal, ƙasar lakar da ake dasa ta a ciki, ya san ba ta jiran kowa. A yi rainon iri tun ruwa bai ɗauke ba, da ƙasa ta fara tsotsewa wajen Oktoba a fita dashe: mutum ɗaya yana soka turke yana yin rami, na bayansa yana zuba ruwa kamar kofi guda, na uku yana sa dashe biyu. In ka makara sati uku, laka ta bushe ta tsattsage, sai baɗi.

Turawan sun turo kuɗi a kan kari, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Kuɗin ya sauka a asusun hedikwata a kudu. Daga nan sai ya shiga yawon sa hannu. Wannan yana taro, wancan ya tafi ta'aziyya, na ukun ya ce sai an sake buga takardar don an rubuta sunan aikin da ƙananan baƙaƙe. Na yi waya har kunnena ya yi zafi. Kuɗi bai iso mu ba sai Janairu, lokacin masakwar maƙwabta ta fitar da kai. Shugaban aikinmu, bawan Allah, da albashinsa ya biya 'yan dashe don kada shekara ta tafi a banza.

Sai kuma rasit. Kowace sefa sai da takarda. Mun hau kilando, wato babur ɗin haya, zuwa gona, kilomita goma sha biyu cikin laka, na ce wa yaron ya ba ni rasit. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, Hajiya, na me? Daga ranar na riƙa yawo da ɗan littafi da tawadar dangwale a jaka, duk wanda na biya ya dangwala yatsa. Mai binciken kuɗi da ya zo daga Turai ya juya littafin nan shafi shafi, ya ɗauki hotonsa, ya karɓa bai ce uffan ba. Namu na gida ne ya ce ba hatimi.

Malam Sanda (Marwa): Hajiya kin tuna mini baƙin ciki. Kuma a tsarinsu ana ƙara wa kowace cibiya kashi 25 cikin 100 a kan kuɗin aiki, don wuta da ruwa da gyaran kaya. Ki tambayi duk wanda ya yi irin aikin nan a arewa ko ya taɓa ganin ƙurar wannan kason.

Hajiya Mairo (Garwa): Ni dai janareto na san da shi, da man da muke karo-karo mu saya.

Usmanu (Kuseri): Shi ya sa na ce a rabu da su. Ga Mali da Burkina da Nijar sun kafa tasu ƙungiyar a 2023, a Yulin 2024 suka mai da ita tarayya a Yamai. Mu ma mu nemi namu. Kullum Turai, Turai.

Malam Sanda (Marwa): Usmanu, a labarin Hajiya wane Bature ne ya riƙe kuɗin?

Usmanu (Kuseri): Ba wannan nake nufi ba Malam.

Shugaban zaure: Jama'a a tuna da ƙa'ida, ba siyasar gwamnatoci a nan. A tsaya a kan bincike.

Dakta Hadiza (Njamena): Ranka ya daɗe, a bar shi, akwai gaskiya a bakinsa ko da bai fito da ita daidai ba. Siyasa tana cikin abin tsundum. Suwizalan da duk kuɗinta da manyan jami'o'inta, da ta janye daga wata tattaunawa da tarayyar a 2021, ajiye ta aka yi a waje. Ingila da ta fita, sai Janairun 2024 ta dawo shirin. Hangari tana cikin gidan ma, amma a Disamban 2022 aka toshe wa jami'o'inta da dama kuɗin saboda yadda gwamnati ta damƙa su a hannun wasu gidauniyoyi da 'yan siyasa ke zaune a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan ba a musu.

Inda na rabu da kai Usmanu shi ne nan. Kana cewa mu nemi tamu tarayyar. Muna da ita. A nan Njamena aka sa hannu a kan yarjejeniyar CEMAC, tarayyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, a 1994, ƙasa shida. Kuɗinmu ɗaya, babban bankinmu ɗaya, tun 2017 aka ce an ɗage biza a tsakaninmu. Abin da Moldoba take ta fafutukar samu, mu a takarda mun wuce shi. To ina tukunyar bincikenmu?

Ka san gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Njamena fiye da ni, a bakinta kake kwana. Bara waccan awaki suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka kusa da kogin Logone, zawo da majina da gyambon baki, duk alamun annobar nan ta ƙananan dabbobi da duniya ta ce za ta kawar kafin 2030. Garken da na ɗebi jininsu da safe suna kiwo a Cadi, da yamma suna shan ruwa a Kamaru. Na so in kai rabin samfurin wa wani abokin aiki a ɓangarenku mu gwada tare, mu ga ko ƙwayar iri ɗaya ce. Na shirya kula da ƙanƙara, kwalabe arba'in da biyu, kowace da lambarta. A wani shinge aka tsayar da ni. Jami'in ya buɗe kula ya ga jini, ya ja da baya. Ya ce ina takardar izini. Na nuna ta ma'aikatarmu. Ya ce wannan ta fita ce, ina ta shiga. Na ce wa ke ba da ita? Ya ce shi dai ba shi ba. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa ganin irinta ba. Na zauna a kan benci ƙarƙashin wata bishiyar maina daga ƙarfe tara har azahar, ina jin ƙanƙara tana narkewa, in na girgiza kula sai in ji ruwa yana ƙara. Mata masu tallan kifi suna wucewa da daro a ka, ba mai tambayarsu. Na juyo da kayana.

Wata biyu bayan haka na aika irin samfurin nan Mompeliye ta Faransa ta jirgi. Kwana huɗu. Akwai fom, akwai wanda ya san fom ɗin, akwai lambar da za a kira. Abokin aikin nawa kuwa, a wani taro a Faransa muka fara haɗa ido, su suka biya mana jirgi mu biyun.

Usmanu (Kuseri): Innalillahi. Yaya da kin kira ni ai da na san yadda za a yi.

Dakta Hadiza (Njamena): Na sani, da ka tsallaka da ita a kwalekwale cikin dare. Sakamakon da aka samu ta haka wace mujalla za ta karɓa?

Malam Sanda (Marwa): Don adalci, ba a ce babu komai ba. Akwai PRASAC a Njamena ta binciken noma, akwai CEBEVIRHA ta dabbobi da kifi, akwai OCEAC a Yawunde ta cututtuka, duk na CEMAC ne. Hukumar Tafkin Cadi kuwa tun 22 ga Mayun 1964 take, lokacin garin ana ce masa Fort-Lamy. Ginin yana nan, ma'aikata suna nan. Abin da ake ciyar da hukumomin CEMAC da shi wani haraji ne na kashi 1 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, kuma kowa ya san ƙasashe suna karɓa su riƙe, ba sa miƙawa yadda ya kamata. Adashin da uwar adashi ke bin kowa bashi. A Kartum a 2006 shugabannin Afirka suka ce kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a bincike. Turawa nasu burin kashi 3 ne, su ma ba su kai ba, suna biyu da 'yan kai. Mu kuwa kada in yi magana shugaban zaure ya kore ni.

Shugaban zaure: Ina kallonka Malam.

Baba Garba (Garwa): Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ta karanta mini duk abin da kuka faɗa. 'Yata Hadiza, Allah ya yi miki albarka, labarinki ya sa na ajiye kofin kunu.

Ku yara ba ku san bushiya ba. Ciwon shanu ne, in ya shiga garke sai ka ga Bafulatani zaune a kan dutse ba shi da ko maraƙi. A 1962 aka fara babban gangamin rigakafi, ana ce masa JP15, kuma a ƙasashen tafkin nan huɗu aka fara: Kamaru, Cadi, Nijar, Najeriya. Kuɗin har da na Turawa da na Amurka. Ina yaro na ga motocinsu, a yi wa saniya allura a huda mata kunne don a san an yi. Da aka ga ciwo ya kwanta sai kowace ƙasa ta koma harkarta, aka saki. Farkon shekarun 1980 ya dawo, lokacin ina aikin dabbobi. Abin da idona ya gani a 1983 ba na son tunawa. Muna bin garke da allura a cikin kula, mu da ma'aikatan Cadi, wani lokaci a rumfa ɗaya muke kwana, ba wanda ya tambayi wani takardar shiga, don kowa ya ga mushe. Maganin daga ɗakin gwajin Farsha na Njamena yake zuwa, daga baya aka gina na Bokle a nan Garwa. A 2011 aka ce bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Abin da nake so in ce, mun taɓa yi. Amma sai da wuta ta kama gemu. Na gaji, jikata ma za ta tafi islamiyya.

Dakta Hadiza (Njamena): Allah ya ƙara lafiya Baba. Farsha nan nake wucewa kullum, ban taɓa jin wannan daga bakin wanda ya gani ba.

Alhaji Bappa (Garwa): Baba ya faɗi gaskiya. Mahaifina ya rasa shanu a shekarar nan, ina tsaye. Amma Baba ka lura, ka ce kuɗin har da na Turawa, da suka janye aka saki. Maganata ce dai.

Malam Sanda (Marwa): Maganarka ce Alhaji, amma juya ta. Da mu muke zubi da ba a saki ba. Ni abin da na gani a tsarin 'yan takarar nan wanda ya fi kuɗin shi ne tilas ɗin da ke ciki. Da Montenegiro za ta shiga shirin sai da ta sa layi a kasafinta, ta naɗa mutanen da aikinsu kawai su sanar da masana gasar da ta fito su taya su cika takarda. Wakilanta suna zama a kwamitin da ke tsara abin da za a bincika. Ba su da ƙuri'a, amma suna ji, suna magana, sun san abin da ke tafe tun kafin a sanar. Mu kuwa sai mu gani a intanet saura kwana goma, in akwai wuta.

Abakar, ga wani abu da za ka iya yi tun kana can. A Afirka Tunisiya ta shiga adashin nan tun 2016, ita ta fara. Ana ƙirga ta cikin ukun. Turkiyya ma haka. Wato jami'arku, da wata a Tunis, da guda ɗaya tak daga cikin tarayyar, ƙirge ya cika. Sai a ƙara Marwa da Njamena. Ba dole sai ta Faransa za a bi ba kullum. Kuma in da kai a ɗakin tun ranar da ake rubuta shafin farko, tambayarmu za ta shiga. Malaminka yana neman alkama mai jure fari. Ka ba shi labarin dawar da ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke, ta yi wata huɗu ba ɗigon sama, ta ba da hatsi a Fabrairu. Ka ga ko zai ajiye kofin shayin.

Abakar (Ankara): Wallahi Malam ban taɓa kawo masakwa a raina a matsayin abin bincike ba. A gonar kakana na girma ina zuba ruwa a ramin.

Hajiya Mairo (Garwa): In za ku yi, tun yanzu ku sa a yarjejeniya cewa asusun aiki a arewa za a buɗe shi. Kuma iri in zai fita ƙasar waje akwai ƙa'idar Nagoya, sai an rubuta wa ke da shi da abin da manoma za su samu. Kada a zo ana kuka daga baya.

Usmanu (Kuseri): To ni da ban yi dogon karatu ba, mene ne nawa a ciki?

Dakta Hadiza (Njamena): Naka ya fi na kowa. Ka shiga ofishin dabbobi na Kuseri ka tambayo mini, cikin ladabi, wa ke sa hannu a takardar shigo da samfurin jini, da sunan takardar. Sunanta kawai nake so. Shekara biyu ina nema.

Malam Sanda, ashe kai ne mai aikin ƙasar karal? Akwai wata ɗalibata 'yar Bongor da ke son ta duba ko karan berbere da ake ba awaki da rani yana da hannu a yadda suke jure ciwo. Na rasa wanda ya san ƙasar.

Malam Sanda (Marwa): Ni ne Dakta. Shekara huɗu muna zaure ɗaya ina ɗauka ke likitar mutane ce. Bongor ta Cadi ai ga Yagwa ta Kamaru ga ta, yanzu ma an yi gada. Ta tsallako ta same ni a Marwa, ko ni in sauko, ina da gonakin gwaji a hanyar.

Alhaji Bappa (Garwa): Motata tana zuwa Yagwa ɗaukar shinkafa duk ranar Laraba. In Malam zai iya zama a gaba da direba, ba sai ya biya ba. Ban ce na yarda da maganarku ba fa.

Malam Sanda (Marwa): Allah ya saka da alheri Alhaji. Ba wannan Larabar ba, muna jarrabawa. Ta sama.

Hajiya Mairo (Garwa): Alhaji, ko kyauta ce direban ya rubuta rasit. Malam, ka biyo ta wurina ka karɓi littafin dangwale, akwai sauran shafi.